Ruwa Ya Yi Gyara

Duk wanda ya san Malam Shu'aibu mai yadi ya san ba a ƙyasta ashana kusa da shi. Ko taba mutum ya shigo da ita layin shagonsa, sai ya tashi daga kan tabarma ya raka shi har bakin titi. Ba faɗa, ba zagi, rakiya ce kawai irin wadda ba a so. Kuma ba wanda yake ganin laifinsa, don yana cikin waɗanda gobarar babbar kasuwar Taminus da ke Jos ta tsiyata a shekarar 2002. Shago gare shi a lokacin, cike da shadda da atamfa har rufi. Abin da ya tsira da shi makullin shagon ne. Yana nan har yau a cikin wani gwangwanin madara, ba abin da yake buɗewa.

Lokacin gobarar 'yarsa Fiddausi tana goye a bayan uwarta, Tabawa. Da labarin wutar nan ta tashi a kunnenta, yadda wasu yara ke tashi da tatsuniya. Uban ba ya gajiya da faɗa, ita kuma ba ta gajiya da tambaya. Daga ina ta fara? Me ya sa ba a kashe ba? Ruwan da aka kawo ina ya tsaya? Wata rana ya ce mata, "Ke dai ki ce Allah ya kiyaye." Ta ce ta faɗa, amma dai ina ruwan ya tsaya?

Da ta gama sakandare sai ta ce makarantar koyon sana'a za ta shiga, can wajen Bukuru, ta koyi aikin famfo da zanen gini. Dangi suka taso. Mace da sifana a hannu? Tabawa ta yi kukanta ta share hawaye. Shu'aibu kuwa shi ya ɗauke ta a mota ya kai ta da kansa. Daga can aka haɗa ta da wata Injiniya Obiageli, haifaffiyar Jos, mace mai kaifin ido da ƙarancin dariya, wadda aikinta ke nan: kafin a gama gini ta zana inda bututun ruwan kashe gobara zai bi, da inda ƙararrawa za ta zauna, da ƙofar da mutane za su fita in abu ya ɓaci. Shekaru Fiddausi ta yi a hannunta. Ta ja tef, ta hau tsani, ta kwana da ciwon wuya a gaban kwamfuta, kuma duk zanen da ta yi sunan Madam Obiageli ne a gindinsa.

'Yan unguwa kuwa ba su taɓa gane aikin ba. Sun ji an ce aikin wuta take koyo, sai su riƙa aiko mata da fanka da dutsen guga a gyara. Shi kansa uban sai da ya tambaye ta.

"Wai ke me kike yi ne takamaimai?"

"Baba, in na shiga gini sai in tambayi kaina, in wuta ta tashi a nan, ina za ta bi? Sai in riga ta zuwa wurin da ruwa."

"A'uzubillahi. Kada ki riƙa faɗar haka a shagon mutane, su ce mugun fata kike musu."

Ya yi mata faɗan, amma ranar har magariba yana murmushi shi kaɗai.

To, sai aka yi wani sabon gini mai bene a Daɗin Kowa, shaguna sama da ƙasa, 'yan kasuwa na ce masa Sabuwar Filaza. Masu yadi da teloli suka cika shi, har da Shu'aibu, wanda ya gaji da kasa kaya a gefen titi. Mai ginin ya ba Injiniya Obiageli aikin kariyar gobara, ita kuma ta tura wa Fiddausi takardun ta ce, "Wannan naki ne. Sunanki za ki sa." Ta kuma gaya mata a fili cewa akwai wani asibiti da wata makarantar kwana da ke jiran ganin yadda wannan zai kasance. In ya tsaya, sunanta ya tsaya a garin nan. In bai tsaya ba, ba sai an gaya mata ba.

Ranar da aka gama, Fiddausi ta zaga da 'yan kasuwa tana nuna musu. Jajayen bututu sun bi rufin kowane shago, a jikinsu wasu 'yan kawuna masu ƙwayar gilashi. In zafi ya kai, gilashin ya fashe, ruwa ya yi feshi. Shugaban 'yan kasuwar, Alhaji Zainulabideen, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya ɗaga kai ya duba ya ce, "Wato shawa kika sa wa shaddata?" Aka yi dariya. Daga ranar sunan ya bi su, shawar Fiddausi.

Sannan ta kai su bayan ginin, wajen wani ƙaton tankin ƙarfe da rijiyar burtsatse ke cikawa. Nan ne ta daina murmushi.

"Ku duba da kyau. Famfon da za ku riƙa ɗiba, daga tsakiyar tankin na fitar da shi, ba daga ƙasa ba. In ruwa ya sauka ƙasa da nan, famfon zai ƙafe. Ba lalacewa ya yi ba, haka na yi shi. Rabin da ya rage a ƙasa ba namu ba ne. Na wuta ne."

"Wutar da ba ta zo ba har an ware mata rabonta," in ji Ciyaman. "Allah ya sa ta mutu da ƙishirwa."

A can gindin tankin akwai wani ɗan famfo da ake buɗewa in za a wanke cikinsa. Ta sa masa jan kwaɗo ta kulle. Ciyaman ya miƙo hannu, ta wuce hannun kamar ba ta gani ba, ta durƙusa ta ba ubanta makullin.

"Baba, a duk wurin nan kai ka san abin da wuta take yi. Don Allah ko wa ya zo."

"Ko uwarki ce," in ji shi.

Ya zura makullin a igiyar carbinsa. Ranar ya koma gida yana jin kamar an mayar masa da wani abu da aka ƙwace tun yarinyar tana goye.

Bayan haka da 'yan watanni Madam ta tura Fiddausi Legas wani kwas, wanda in ta ci za a ba ta shaidar sa hannu a kan zane ba tare da kowa ya tsaya mata ba. Fiddausi takan kira ubanta a waya ranar Juma'a da yamma. Da ma suna da wani wasa tsakaninsu. Gaisuwar damina ce, amma ita rani da damina yi masa take.

"Baba, yaya ruwa?"

"Ya yi gyara, Injiniya."

Sai su yi dariya. Ta san abin da ta tambaya, ya san abin da ya amsa.

Ranin shekarar ya yi tsawo. Famfon gari ya ɗauke, rijiyoyin unguwa suka koma laka, burtsatsen filaza ya fara tari yana tofar da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Wata safiya famfon tsakiya ya tsaya cak. 'Yan garuwa suka yi tsada, suka kuma yi wuyar gani. Mutane su zo su murɗa famfon, su ƙwanƙwasa tankin su ji shi dam, su juya su kalli Shu'aibu. Shi kuwa ya kalli carbinsa. Sati guda ya yi yana cewa a'a, kuma a'ar ba ta yi masa nauyi ba.

Sai tsohon mai gadin filazar ya rasu. Baƙo ne daga nesa, ba mata, ba ɗa, a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa aka same shi da hantsi. Aka ce a yi masa sutura kafin azahar. Likkafani ba matsala, wurin masu yadi ne. Ruwan wanka ne babu. An aika neman 'yan garuwa, ba a samu ba. Ciyaman ya zo shagon Shu'aibu da wasu dattawa, ya cire takalmi ya zauna, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam Shu'aibu, gawa ce a kwance."

"Na sani, Alhaji."

"Bokiti biyu. Bawan Allah nan shi yake kwana a waje yana tsare mana dukiya. Mu binne shi da ƙurarsa, ga ruwa a bayanmu? Me za mu ce gobe?"

"Yarinyar ta ce..."

"Yarinyar ta yi karatu, ba mu musa ba. Amma kai ka taɓa jin inda aka hana ruwa? Ko maƙiyinka ya tsaya a ƙofarka ya ce ruwa, ba ka ba shi? Balle mamaci."

Shu'aibu ya kalli makullin da ke jikin carbinsa. Tun yana yaro a gidan ubansa akwai randa a ƙofar gida da moɗa a kanta, ba a tambayar mai sha daga ina yake. Bai taɓa ganin mutumin kirki ya sa wa ruwa kwaɗo ba sai shi. Ya tashi. Ya je ya zura makullin, kwaɗon kuwa ya buɗe ba gardama.

Bokiti biyun suka zama huɗu, don masu sallar jana'iza ma sai sun yi alwala. Ya mayar da kwaɗon ya kulle, ya ce wa ransa shi ke nan.

Washegari Loyis ta zo. Ita ke da rumfar abinci a gindin bene, mutuniyar Kuru ce, kowa na kiranta Maman Ana. Shekara da shekaru suna gaisawa da Shu'aibu tun a gefen titi, har ranar wani rikici a gidanta Tabawa ta ɓuya da yara. Ta ajiye jarka biyu a ƙofar shagonsa ta riƙe ƙugu.

"Baban Fiddausi, ina kwana. Na ji an buɗe ruwa jiya."

"Na gawa ne, Maman Ana."

"Eh, na gawa. Da na salla. Ni fa na gani da idona, mutum ya kai ashirin suna wanke ƙafa. To mu da ba mu salla, ruwan bai san mu ba? Kwanukana tun shekaranjiya ban wanke ba. Su wa ke cin abincin? Ba ku ba ne?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ka gaya mini in je in gaya wa mutanenmu na sama. Suna can suna magana, ni na ce musu a'a, Baba Shu'aibu ba haka yake ba."

Wanda bai zauna a Jos ba ba zai san nauyin wannan magana ba. A garin nan an ga abin da bai kai jarkar ruwa ba ya raba unguwa biyu. Shu'aibu ya dubi matar da ta taɓa rufe ƙofarta a kan iyalinsa ta tsaya a waje tana rantsuwa ba kowa a ciki. Ya ciro carbin.

Daga nan kuma wa zai hana? Ya ba masu salla, ya ba masu coci, sai ya hana teloli ruwan guga? Ya hana mai shayi? Ya yi ƙoƙarin sa doka, ya ce safe kawai, jarka ɗaya ɗaya. Dokar ta kwana biyu ta mutu. Ƙasan famfon ya zama taɓo, sawun ƙafafu a ciki kamar mashayar shanu. Kowa ya ɗiba sai ya sa masa albarka. "Allah ya shayar da kai ruwan Alkausara, Malam." Bai taɓa shan addu'a irin ta watan nan ba, kuma bai taɓa rama irin ta watan nan ba.

Kullum da yamma in an watse sai ya je ya ƙwanƙwasa tankin da zobensa. Inda ruwa yake ƙarar takan mutu, inda babu takan yi amo. Da farko a tsaye yake ƙwanƙwasawa daidai ƙirjinsa. Sannan ya koma sunkuyawa. Sannan sai ya tsuguna.

Ya je wa Ciyaman da maganar a kira tankar ruwa a cika. Ciyaman ya ce ai kasuwa ba ta motsi, a bari bayan salla. Ya nuna masa sama ya ce, "Ba ka ga gabas ta fara haɗa fuska ba? Kwana nawa ya rage ruwa ya sauka, burtsatse ya dawo? Allah da ya tsare mu jiya shi zai tsare mu gobe." Shu'aibu ya ce haka ne. Shi ma abin da yake gaya wa kansa ke nan.

Juma'a ta zo, waya ta yi ƙara.

"Baba, yaya ruwa?"

Ya buɗe baki. Tana can tana jarrabawa, in ya faɗa mata za ta bar komai ta hau mota. Haka ya gaya wa kansa. Gaskiyar kuwa bai san da wane bakin zai faɗa ba.

"Ya yi gyara, Injiniya."

"Muryarka fa? Ko mura ce?"

"Zafi ne kawai. Ki yi karatunki."

Tabawa tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, gaisuwa ce ka amsa ko tambaya?" Ya tashi ya bar mata tsakar gidan.

Juma'ar da ta biyo baya abin ya faru. Tun safe ba wuta. Wani tela a bene ya jona dutsen guga yana jira, aka kira salla, ya ja ƙofa ya kulle ya tafi masallaci ya bar shi a kan shaddar mutane. Ana cikin huɗuba aka dawo da wuta. Wata yarinya mai kitso ta fara ganin hayaƙi, ta fito tana ihu, "Wuta! Wuta!" Matan da ke ƙasa suka amsa da murna, wasu har suka ruga su jona waya, don sun ɗauka cewa take an kawo. Sai da ƙararrawar Fiddausi ta ɗauka sannan aka gane wacce wutar ake nufi.

Abin da ta zana ya yi duk abin da aka ce zai yi. Ƙararrawa ta yi kuka. Ƙofar baya ta buɗe, duk wanda ke ciki ya fita da ransa. Injin da ke tura ruwa daga tanki zuwa bututu ya tashi da kansa. Gilashin shagon telan ya fashe, ruwa ya yi feshi mai kyau, waɗanda suka leƙa ta taga sun ce wutar har ta kwanta. Sannan feshin ya zama tsartuwa, tsartuwar ta zama ɗigo, bututun ya fara huci yana fitar da iska. Wutar ta ɗaga kai.

Lokacin da Shu'aibu ya iso a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, benen duka ya kama. Bai nufi shagonsa ba. Bayan ginin ya zaga. Injin yana ta gurnani a banza, ya yi zafi har yana wari. Ya ƙwanƙwasa tankin can ƙasa daidai idon sawunsa, tankin ya amsa masa kamar ganga. Jan kwaɗon yana nan a kulle, tsaf, yadda ya bar shi da safe.

Motar kashe gobara ta zo, ta ceci rabin shagunan ƙasa. Ba a rasa rai ba. Loyis ta ƙone a hannu wajen jawo tukunyar gas ɗinta, wadda da ta fashe da labarin ya fi haka muni. Kafin magariba maganar ta zaga Daɗin Kowa ta kai Taminus. Shawar 'yar Shu'aibu ta yi tusa. Haka ake faɗa, ana dariya irin ta mutanen da ba su yi asara ba.

Mai ginin ya aiko wakilinsa ranar Lahadi da yamma, aka taru a filin ajiye motoci, warin ƙonannen yadi bai bar iska ba. Wakilin ya yi tambaya ɗaya: ina ruwan ya tafi? Kowa a wurin ya san in aka ce 'yan kasuwa suka shanye, su za a ɗora wa asarar ginin. Ciyaman ya gyara babbar riga.

"Ranka ya daɗe, mu ba mu san kan abin nan ba. An ce mana rabin ruwa na wuta ne, an kulle, ga kwaɗo nan kowa ya gani. Ko tankin ke yoyo ta ƙasa, ko lissafin ne bai cika ba, masu ilimin su za su faɗa. Yarinya ce, ta yi iya ƙoƙarinta. Aikin farko ai sai a hankali."

Shu'aibu ya miƙe. Ya ɗaga carbin da makullin a jiki.

"Ni na buɗe. Tankin ba ya yoyo. Ni na buɗe da hannuna, kullum, fiye da wata guda. Duk wanda ke zaune a nan ya sha, ko ya yi alwala, ko ya yi guga da shi. Alhaji, kai ka fara zuwa. Ka faɗa musu."

Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka yi masa addu'ar Alkausara. Wannan yana duba waya, wancan yana kakkaɓe hula. Ya nemi Loyis. Tana zaune a kan benci, hannunta a naɗe da bandeji. Ta kalle shi, idonta ya kawo ruwa, ta sunkuyar da kai. Rumfarta ce kaɗai abin da take ci da 'ya'yanta.

Ciyaman ya girgiza kai cikin tausayi, ya juya wajen wakilin ya sassauta murya.

"A yi masa uzuri, ranka ya daɗe. Uba ne. Wannan gobara ta biyu ke nan a kansa. Ko ni ne 'yata, abin da zan ce ke nan."

"Allah sarki," in ji wani daga baya. "Allah ya ba shi haƙuri."

Wani ya kama hannunsa a hankali ya zaunar da shi, har da yi masa fifita.

Fiddausi ta iso ranar Litinin, ko gida ba ta biya ba. Shu'aibu ya same ta a bayan ginin tare da Injiniya Obiageli. Ba wanda ya gaya musu komai, ba su kuma bukata. Taɓon yana nan ya bushe da sawun ƙafafu, da zoben gindin jarkoki, har da wani silifa da ya maƙale. Fiddausi ta daɗe tana kallon wurin. Ta ci jarrabawar, shaidar tana cikin jakar da ke kafaɗarta.

"Madam, ni ne," in ji Shu'aibu. "Ki rubuta ki kai duk inda ake kaiwa. Zan rantse da Alƙur'ani."

"Na yarda da kai, Baba," in ji Madam. "Zan rubuta. Za a karanta a ofis, a sa a durowa. Amma masu asibiti sun kira ni tun ranar Asabar. Ba su tambaye ni wa ya buɗe famfo ba. Cewa suka yi kada in turo musu yarinyar filaza." Ta juya wajen Fiddausi. "Ke kuma, wa ya koya miki ba ɗan kasuwa makullin ruwa a garin da ake rani? Ni na koya miki?"

"A'a, Ma."

"Na ce ki ba ni ko ki ba mai gini. Kika ce kin san wanda ba zai taɓa buɗewa ba."

Fiddausi ta sunkuyar da kai. Da ta musa, da ta yi kuka, da ya fi masa sauƙi.

Madam ba ta kore ta ba. Ta ce akwai wani abokin aikinta a Abuja da ke neman mai zane. Za ta zauna a ofis ta zana, wani ya sa hannu. In an manta, nan da wasu shekaru, sai a gani. Amma a Jos kam, ta ce, kada su yaudari juna.

A gida Tabawa ta zuba abinci ba wanda ya taɓa. Fiddausi tana ninke kaya a jaka. Shu'aibu ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bai shiga ba.

"Gawa ce aka kawo mini," in ji shi. "Daga nan Maman Ana ta zo. Kin san abin da ta yi mana."

"Na sani, Baba. Ko ni ce, ban san abin da zan ce mata ba."

"To ki yi mini faɗa mana. Ki ce wani abu."

Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Buɗewar ba ita ta dame ni ba. Da ka ce mini ya ragu, waya ɗaya zan yi wa Madam a kawo tanka a ranar. Kowace Juma'a ina tambayarka."

"Na ɗauka..."

"Ka san ba gaisuwa nake yi ba, Baba."

Ta miƙo hannu biyu, a ladabce, yadda ta ba shi. Ya kwance makullin daga carbin ya sa mata. Ta jefa shi cikin jaka tare da shaidar da ba za ta yi amfani da ita ba.

Da safe ya raka ta tasha. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ya riƙa shan maganinsa, ta shiga mota. Bai ce mata Injiniya ba, ita ma ba ta yi masa wasan da suka saba ba. Yana tsaye har motar ta fita.

Kafin ya kai gida gabas ta yi baƙi. Iska ta taso, ƙamshin ƙasa ya bugi hanci, sai ruwa ya ɓarke, ruwan farko, mai ƙarfi, irin wanda ke cika kwata cikin ɗan lokaci. Yara suka fito tsirara suna tsalle. Mata suka jera bokitai a bakin indararo. Ya fake a rumfar wani mai kayan miya, rigarsa ta jiƙe ta manne a jiki. Can sai ga wani tsohon maƙwabcinsa na Taminus ya shigo rumfar yana karkaɗe lema, fuskarsa cike da fara'a.

"A'a, Malam Shu'aibu! Sannu da hanya. Yaya ruwa?"

Shu'aibu ya kalli ruwan da ke gudu a titi, jajawur, yana tafiya inda ba wanda ke bukatarsa. Mutumin yana jira. Gaisuwa ce, ba a barinta a ƙasa.

"Ya yi gyara," in ji shi.